Tsofaffin Ƙwayoyin Bairas a Cikin Gadon Ɗan Adam: Amfaninsu da Cutarwarsu

Kusan kashi 8 cikin 100 na kundin gadon da ke jikin kowane ɗan Adam ragowar ƙwayoyin bairas ne, waɗanda suka shiga jikin magabata tun zamani mai nisan gaske, suka zauna daram, aka yi ta gadonsu daga iyaye zuwa 'ya'ya har yau. Manomin gyaɗa a Mayo-Oulo da ke arewacin Kamaru yana ɗauke da su, makiyayin da ke shayar da shanu a bakin Binuwai yana ɗauke da su, haka ma likitan da zai duba su a Garwa. Ba a ɗaukar su daga wani, ba a kuma shafa wa kowa. Wasunsu suna yi wa jiki aikin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, wasu kuma ana samun hannunsu a cikin cututtuka masu tsanani. Sanin su yana taimakawa wajen rarrabe abin da mutum ya gada da abin da ya kama shi daga baya, musamman cutar ƙanjamau da ciwon hanta.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya iya gani, adadinsu ya kai tiriliyan 30. In ban da jajayen ƙwayoyin jini da ire-irensu, kowace ƙwaya tana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai sinadarin da ake kira DNA, a nannaɗe cikin ƙunshi 46 masu suna kuromosom: 23 daga uwa, 23 daga uba. An jera DNA da sinadarai huɗu kacal, waɗanda masana ke wakilta da haruffan A, C, G da T. Kason da ke zuwa daga uwa yana da haruffa biliyan 3 da 'yan kai, na uba ma haka. Wannan jeri shi ke ɗauke da umarnin yadda za a gina ido da ƙashi da jini, da yadda za su yi aiki. Ana iya kwatanta shi da littafin da ake kwafa da hannu zamani bayan zamani: idan wani ya cusa baƙon shafi a tsakiyarsa, mai kwafa na gaba zai kwafe shi tare da sauran, na bayansa ma haka, har a manta cewa ba na asali ba ne.

A watan Fabrairun 2001 aka wallafa karatun farko na wannan kundi, kusan gaba ɗayansa. Sassan da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, wato kayan gini da kayan aikin jiki, ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Ragowar bairas kuwa ta kai kusan kashi 8, haruffa sama da miliyan 200 ke nan, a warwatse cikin dukkan kuromosom.

Ba kowace bairas ce ke iya wannan kutse ba. Wadda ke kawo ƙyanda ko mura takan shiga ƙwayar jiki, ta hayayyafa, ta fice, ba tare da ta taɓa kundin gado ba. Akwai kuwa wani dangi da ake kira retrobairas, wanda ba ya iya hayayyafa sai ya dasa kansa a cikin DNA na mai masaukinsa. Umarninsa yana rubuce ne da wani sinadari ɗan'uwan DNA mai suna RNA. Yana tafe da wani furotin da ke juya RNA ya koma DNA, da wani kuma da ke yanka kundin ƙwayar ya liƙa sabon yankin a ciki. Howard Temin da David Baltimore ne suka gano furotin mai juyawar a Amurka a 1970, kowa a nasa ɗakin binciken, aka ba su kyautar Nobel a 1975.

Abin da zai biyo baya ya dangana ne ga irin ƙwayar da aka kama. Idan ƙwayar jini ce ko ta fata, dashen yana ƙarewa da ƙarewar rayuwar mai shi. Idan kuwa ƙwan mace ne, ko ƙwayar da ke samar da maniyyi, ko ɗan tayi a kwanakinsa na farko, to jaririn zai fito da bairas ɗin a rubuce cikin kowace ƙwaya mai cibiya a jikinsa, ya kuma iya gadar wa zuriyarsa. Robin Weiss, wani masani a Landan, ya lura da haka a jikin kaji a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da masana da yawa ke ganin abin ba zai yiwu ba. A 1981 aka ware yanki na farko irin wannan daga DNA na mutum.

Masana suna ƙiyasta shekarun kowane dashe ta hanyar duba gefunansa biyu. Ranar da bairas ta shiga, haruffan gefen farko da na ƙarshe iri ɗaya ne sak. Da tafiyar zamani kurakuran kwafa suna taruwa a kowane gefe daban, don haka yawan bambancin da ke tsakaninsu yana nuna daɗewar dashen. Bisa wannan lissafi, mafi yawansu sun yi miliyoyin shekaru. Dangin da ya fi ƙuruciya shi ne wanda ake kira HERV-K. Wasu daga cikin kwafinsa ba su riga sun game dukkan mutane ba: ana samun su a jikin wani, a rasa a jikin wani. Ɗaya daga ciki, mai suna K113, yana kan kuromosom na 19, an kuma fi samun sa a tsakanin mutanen Afirka. Irin wannan kutse yana faruwa yanzu haka a jikin kowala, wata dabba ta ƙasar Ostareliya. Kowalolin arewacin ƙasar suna haihuwar 'ya'yansu da bairas ɗin a cikin gado, ana kuma danganta ta da sankarar jini da ke kashe su.

A jikin mutum, mafi yawan waɗannan dashe sun lalace. Kurakuran kwafa sun ɓata umarninsu, da yawa kuma tsakiyarsu ta zube, gefe guda kawai ya rage. Sauran kuwa jiki yana kulle su da wasu ƙananan alamomin sinadari da yake ɗora wa DNA domin hana karanta shi. Har yau ba a samu ko ɗaya da ke fita daga jikin wani ta kama wani ba. A 2006 ƙungiyar Thierry Heidmann a Cibiyar Gustave Roussy ta Faransa ta harhaɗa kwafin HERV-K daban-daban, ta sake gina asalin bairas ɗin a ɗakin bincike, aka ga tana iya shiga ƙwayoyin mutum, ko da yake da rauni. Wannan ya tabbatar da cewa ragowar ta fito ne daga bairas ta gaskiya.

Babban amfanin da aka sani daga wannan gado yana cikin mabiyiya, wadda ke ciyar da ɗan tayi a cikin mahaifa. Fatar mabiyiya da ke gogayya da jinin uwa shimfiɗa ce guda, wadda ta samu daga narkewar ƙwayoyi masu yawa cikin juna. Ta nan abinci da iska ke ratsawa zuwa ga ɗan tayi, ita ce kuma ke fitar da sinadarin da ake ganowa a gwajin ciki. A shekarar 2000 masu bincike a Amurka da Faransa suka nuna cewa furotin da ke narkar da ƙwayoyin, mai suna sinsitin, umarninsa yana cikin wata tsohuwar retrobairas da ke kan kuromosom na 7. Da can bairas ɗin tana amfani da shi ne wajen manne wa ƙwayar da za ta kama. A 2003 aka gano na biyu a kan kuromosom na 6. Da aka kashe makamancinsa a jikin ɓeraye a 2009, mabiyiya ba ta haɗu daidai ba, 'yan tayin suka mutu a tsakiyar goyon ciki.

Dabbobin da ake kiwo daga Mayo-Louti har zuwa tudun Adamawa suna da irin wannan gado nasu. Shanu da tumaki da awaki suna da sinsitin ɗinsu, wanda ya fito daga wata bairas dabam. Tumaki sun fi ba da misali a fili. Akwai retrobairas da ke yaɗuwa a garke ta numfashi, tana haddasa sankarar huhu, tunkiya ta riƙa haki, ruwa na zuba daga hancinta. A cikin gadon kowace tunkiya kuwa akwai kwafin tsohuwar 'yar'uwar wannan bairas sama da 20. Wasunsu suna tare hanyar mai kawo cutar, furotin ɗinsu kuma yana aiki a farkon ciki, domin da aka toshe shi a wani gwaji a Amurka a 2006, ciki ya lalace.

Garkuwar jiki ma tana cin moriyarsu. Gefunan tsohuwar bairas suna aiki a matsayin makunni, masu umartar ƙwaya ta fara karanta abin da ke kusa da su. Wani bincike na Jami'ar Utah a 2016 ya nuna cewa jiki ya mayar da wasu daga cikin waɗannan makunnai masu tayar da kariya idan cuta ta shigo. Wani dashen kuma yana da hannu wajen sa miyau ya ƙunshi sinadarin da ke fara narkar da sitaci tun daga baki, kamar na tuwon dawa da masara.

Ta fuskar cutarwa, hanyoyi uku aka fi sani. Ta farko ita ce ɓarnar da kamannin kwafi ke jawowa. A kan kuromosom Y, wanda namiji kaɗai ke da shi, akwai kwafi biyu na tsohuwar bairas iri ɗaya, da tazarar haruffa kusan dubu 800 a tsakaninsu. Wani lokaci, yayin samar da maniyyi, sukan manne da juna, duk abin da ke tsakani ya ɓace. Ɗan da aka haifa da wannan giɓi yakan girma lafiya lau, sai dai marainansa ba sa samar da ƙwayoyin haihuwa. An bayyana wannan a shekarar 2000. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana cikin hujjojin da ke nuna cewa rashin haihuwa na iya zuwa ta ɓangaren miji ba tare da laifin kowa ba. Shi ya sa likitoci ke auna miji da mata duka, ba a ɗora wa mace ita kaɗai.

Hanya ta biyu ita ce makunnin da ya tashi ba a lokacinsa ba. A 2010 masana a Jamus da Ingila suka gano cewa a sankarar kaluluwa da ake kira ta Hodgkin, kullen da ke kan wani tsohon dashe yana kwancewa, sai ya kunna umarnin wani furotin da ƙwayoyin sankarar ke dogara da shi wajen rayuwa.

Hanya ta uku ita ce furotin na bairas ɗin kansa, idan jiki ya fara ƙera shi. Akwai cutar da likitocin Kamaru ke kira sclérose en plaques, inda garkuwar jiki ke cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har gani da tafiya su raunana. Ta fi yawa a Turai da Arewacin Amurka. Tun 1989 Hervé Perron a Faransa ya ga alamun retrobairas a jikin masu ita, daga baya aka gane ta dangin HERV-W ce. An ƙera magani mai suna temelimab domin kama furotin ɗinta. Gwajinsa bai nuna ya rage kumburin jijiyoyi ba, ko da yake an ga alamar yana rage zaizayewar ƙwaƙwalwa. A 2015 ƙungiyar Avindra Nath a Amurka ta samu furotin na HERV-K a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar ALS, mai shanye tsokoki sannu a hankali, ta kuma nuna cewa ɓerayen da aka sa wa furotin ɗin sun kamu da makamanciyar cutar. Ana ganin furotin na HERV-K da yawa a sankarar 'ya'yan maraina da wata sankarar fata. A 2024 kuma masu bincike a King's College da ke Landan suka danganta motsin wasu dashe a ƙwaƙwalwa da haɗarin taɓin hankali da ciwon damuwa.

Ana buƙatar taka-tsantsan wajen fahimtar waɗannan sakamako. Ganin dashe a farke a jikin marar lafiya bai isa hujjar cewa shi ya kawo cutar ba, domin ita kanta cutar tana iya kwance kullen. Wasu ƙwayoyin bairas na yau ma suna tayar da tsofaffin, daga ciki har da ta ƙanjamau da ta Epstein-Barr, wadda ke jikin mafi yawan manya a duniya. Tsufa ma yana sassauta kullen. A yawancin waɗannan cututtuka, masana suna kallon dashen a matsayin ɗaya daga cikin dalilai da dama da ke haɗuwa.

Farkawar tasu tana iya zama alheri a yaƙi da sankara. Bincike biyu da aka wallafa a 2015 sun nuna cewa wasu magungunan sankarar jini, irin su azacitidine, suna kwance kullen tsofaffin dashe a cikin ƙwayar sankara, sai jiki ya ɗauka bairas ce ta shigo, ya auka wa ƙwayar. A 2023 Cibiyar Francis Crick ta Landan ta gano cewa masu sankarar huhu da jikinsu ke ƙera kariya a kan furotin na HERV-K sun fi amfana da maganin da ke ƙarfafa garkuwa.

Ga mata masu juna biyu, an lura cewa sinsitin yakan yi ƙaranci a mabiyiyar waɗanda hawan jinin ciki ya kama, wanda in ya tsananta yake kaiwa ga jijjiga. Akwai kuma wata bairas ta wani dangi dabam, HHV-6, da kusan mutum 1 cikin 100 ke gada a ƙarshen kuromosom ɗinsa, wadda wani bincike na Jami'ar Cambridge a 2020 ya danganta da ƙarin haɗarin wannan ciwo. Babu gwajin waɗannan abubuwa a awon ciki na yau da kullum. Abin da ke ceton rai shi ne auna hawan jini da gwajin fitsari a kowane zuwa awo, da gaggawar kai mace asibiti idan ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko fuskarta ta kumbura.

Kamaru tana da matsayi na musamman a tarihin retrobairas na wannan zamani. Ƙwayar HIV mai kawo ƙanjamau, ko Sida, retrobairas ce. A 2006 wata ƙungiyar masana da ta haɗa da Beatrice Hahn da Martine Peeters da Eitel Mpoudi-Ngole ta gano cewa asalin nau'in da ya game duniya yana jikin birai cimfanzi na dazukan kudu maso gabashin Kamaru. Lissafi ya nuna ta tsallaka zuwa mutum a farkon ƙarni na 20, ta samu bazuwa a birnin Kinshasa wajajen 1920. A 2005 ma an gano wasu sababbin retrobairas biyu, HTLV-3 da HTLV-4, a jinin mutanen kudancin Kamaru masu mu'amala da naman daji.

HIV tana dasa kanta a cikin DNA na fararen ƙwayoyin jini, ta ɓuya a can. Dalilin ke nan da ya sa magani ke danne ta amma ba ya tumɓuke ta, kuma idan aka daina sha takan dawo. Sai dai ba ta zauna a ƙwan mace ko ƙwayar maniyyi ta zama gado ba. Jaririn da ya kamu ya ɗauke ta ne daga jini ko nonon uwa, lokacin goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa, kuma wannan hanya tana tosuwa. In babu magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye mata masu ƙwayar ke kamuwa. Idan uwa tana shan magani yadda ya kamata, adadin yana sauka ƙasa da 5. Tun watan Mayun 2007 ake ba da maganin kyauta a Kamaru. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna masu ɗauke da ƙwayar a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49 sun ragu daga kashi 5.5 cikin 100 a 2004 zuwa 4.3 a 2011, sannan 2.7 a 2018, kuma yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na cikin masu ƙarancin adadi.

Ciwon hanta nau'in B kuwa arewacin ƙasar na cikin inda ya fi yawa, a ƙasar da kusan babba ɗaya cikin goma ke ɗauke da shi. Gutsattsarin wannan bairas sukan shiga DNA na ƙwayoyin hanta, abin da ke cikin dalilan da ke kai wasu ga sankarar hanta bayan shekaru. Saboda ana ganin sa a gida ɗaya, daga uwa zuwa 'ya'ya da tsakanin yara, mutane da yawa suna ɗauka ciwon gado ne, alhali kamuwa ake yi. Kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu lokacin haihuwa sukan riƙe ƙwayar tsawon rai. Allurar rigakafinsa ta shiga jerin alluran yara a Kamaru a 2005, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

Babban giɓin da ya rage a binciken tsofaffin dashe shi ne ƙarancin bayanan Afirka. Mutanen nahiyar sun fi na ko'ina bambancin gado a tsakaninsu, amma mafi yawan kundayen da aka karanta na 'yan asalin Turai ne. Wani bincike na 2019 a kan mutum 910 'yan asalin Afirka ya gano haruffa kusan miliyan 300 da babu su a kundin da masana ke aunawa da shi. A 2020 shirin H3Africa ya karanta kundin mutum 426, ya samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. A 2021 Ambroise Wonkam, masanin gado ɗan Kamaru, ya yi kira a karanta kundin 'yan Afirka miliyan 3. Yanki irin Mayo-Louti, inda Fali da Daba da Gidar da Fulani da Hausawa ke zaune wuri guda, yana cikin wuraren da irin wannan aiki zai fi ba da sabon ilimi, muddin an yi shi da yardar mutane da kare sirrinsu. Akwai cibiyoyin da za a iya ɗorawa a kansu: Cibiyar Pasteur ta Kamaru, wadda aka kafa a Yawunde a 1959 take kuma da reshe a Garwa, da Cibiyar Chantal Biya mai binciken ƙanjamau, da ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, LANAVET, da ke Boklé kusa da Garwa, da kuma Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022.

Zuwa yanzu babu wani magani da aka amince da shi wanda aka ƙera domin tsofaffin dashe, babu kuma na asibiti ko na gargajiya da ke wanke su daga jiki, ba a ma buƙatar hakan, tunda sun zama sashen halittar kowa. Ƙwayoyin HIV da na ciwon hanta kuwa ana gano su da gwajin jini, ana danne su da magani, ana kuma iya hana su isa ga jariri.